Direban da Ke Ɗauko Mana Tsofaffi

Duk ranar da za a yi laccar tarihi ko wasan kaɗe-kaɗe a babban ɗakin taron jami'armu, Baba Direba kan riga kowa isowa. Ya duba mai da ruwa, ya kakkaɓe kujerun farar bas, ya ninke bargo a kujerar gaba saboda masu ciwon baya. Sannan ya kama hanyar ƙauye, ya ɗauko tsofaffin da za su ba mu labarin zamanin da, ko su rera mana abin da suka gada.

Mu a kan dandamali muke ganinsu. Shi ya san wahalar raba tsoho da ɗakinsa.

Sakatariyar kwamitin shirya taron ta ba ni labarin wani makaho mai sarewa da ya ƙi zuwa.

“Ɗana, me zan busa wa masu digiri? Dariya za su yi mini,” in ji tsohon.

“Baba, ni ma ba ni da digirin nan. Ka busa mini, su kuma su ci albarkacina,” in ji Baba Direba.

Tsohon ya yi dariya, ya shiga mota. Amma da aka zaunar da shi gaban jama'a, sarewa ta ƙi zama masa a baki. Baba Direba ya hau dandamali da rigarsa mai tabon baƙin mai, ya durƙusa, ya dafa masa gwiwa ya ce, “Ina nan, Baba.” Tsoho ya busa har ɗakin ya yi tsit, ko tari babu.

A hanyar komawa ya ce akwai sauran waƙoƙi a cikinsa, a sake ɗauko shi. Baba Direba ya isar da saƙo, kwamiti ya ce sai baɗi. Da baɗin ta zo, jikar tsohon ce ta tarbe shi a ƙofa, ta ce ai kaka ya rasu tun damina.

“Mota ba ta taɓa yi mini nauyi irin na ranar ba,” in ji Baba Direba, “alhali ba kowa a ciki.”

Yanzu idanu sun gaza, ya ajiye makulli. A jawaban godiyar da aka yi ta yi a ɗakin nan, an ambaci shugabanni da manyan baƙi, ba a taɓa ambatonsa ba.

Baba, kai ne jaki mai ɗaukar kaya wani ya sha yabo. Kai ka tsaya a hanya tsohuwa ta miƙe ƙafa, kai ka goyi gurgu har kan kujera. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka masu riƙe hannunka.

Ku kuma da kuke da mota da lafiyar ido, in kun san tsohon da ke da sauran magana a baki, ku je masa a makon nan. Ba kowane tsoho ke jiran baɗi ba.