Gwangwamar Bakin Rariya

Mutanen kasuwar Ɗanbatta sun san ni da zuƙi. In na ce na ga kaza, sai su ce a rage, ƙila fara ce. To wannan labarin ko gishiri ban sa masa ba.

A hannun kakata na tashi, Inna Kande, wadda ta haifi mahaifiyata. Uwar tawa ta rasu ina rarrafe, ko kamanninta ban riƙe ba. Inna kuwa ba ta taɓa yi mini zancenta ba, don 'yar fari ce, mutanen da kuma sun gwammace su haɗiye garwashi da su ambaci sunan ɗan fari.

A bakin rariyar gidanmu akwai gwangwama, mai ganye kamar na ayaba da jan fure kamar an kunna aci-balbal. Ko sa hannu Inna ba ta bari a yi mata. A gindinta take alwala, ruwan sabulu kuwa ba ya zuwa wurin. Ta zuba mata kashin awaki, ta kewaye ta da ƙaya, karan da ya gama fure ta yanke shi. In saiwa ta cushe sai ta raba, wai in 'ya'ya suka yi yawa a ɗaki ɗaya uwa ba ta samun sukunin kwalliya. Da rani ganyen ya bushe ƙurmus, wurin ya koma fili, amma buta ɗaya kullum ba ta fashi.

Lokacin ɗari, in an sauke tuwo, sai mu jikoki mu kewaye murhu, ni a gaba, cikina kamar tulu.

"Matso, angona," in ji ta. "Miji sai ci, ba cefane. Ga ta nan tafe, in kun yi surutu ta koma."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani manomi ce da ya auri mace mai jan kallabi. Ranar da ta tare ta ce masa, "In damina ta wuce zan sauka ƙarƙashin ƙasa wurin danginmu. Kada ka haƙa nemana, kada ka rufe inda na shiga. Ruwa kaɗai za ka riƙa zuba mini." Shekara da shekaru haka ake yi, ruwan farko na sauka sai ga jan kallabi ya leƙo. Wata shekara ya samu gero mai yawa, ya rasa wurin zubawa. Ya dubi filin nan yana zaman banza, ya gina rumbu a kai. Damina ta zo, kwana bakwai yana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, yana cewa ɓeraye ne. A na takwas ya ji shiru.

"Inna, ba ta da wayo ne? Ta ɓullo ta gefe mana," in ji ni.

"Mai kunya ta ƙofar da ta shiga take fitowa, sarkin surutu."

Nan take tsayawa. Ba ta rufe wannan tatsuniya yadda take rufe sauran, sai dai ta tura itace cikin wuta ta ce hayaƙi ya shigar mata ido.

Na girma, na fara dillancin gyaɗa, na samu kuɗin da a ganina sun isa sayen rabin Kano. Wani rani aka kai Inna birni aikin ido. Na ce bari tsohuwa ta dawo ta tarar da abin mamaki. Na kawo magina muka shafe tsakar gida da siminti, daga zaure har bakin rariya, sumul. Gwangwama ba ta ko faɗo mini a rai ba, ai babu komai a wurin sai busasshiyar ƙasa.

Aikin idon bai yi ba. Ta shigo ana riƙe da hannunta, ta tuɓe takalmi, ta yi ta laluben ƙasa da tafin ƙafa har ta kai bakin rariya. Ta daɗe a tsaye.

"Angona, ka gina rumbu."

Na yi dariya, na ce ai saura bene. Ta ce Allah ya yi albarka. Ta ci gaba da alwala a wurin, ruwan yana bin siminti yana ficewa waje. Lokacin girbi bai zo ba ta rasu.

Ranar sadakar uku ƙanen mahaifiyata, Kawu Sale, ya ja ni gefe.

"Kai, ka san wa ya dasa abin nan da ka binne? Yaya ce, da cikinka. Daga gidan aurenta ta kawo saiwar a bakin zane."

Na ɗauko guduma a gaban masu gaisuwa na fasa wurin. Na tarar da saiwar ta yi tsiro fari fat, ya taso ya daki siminti, ya lanƙwashe, ya bushe.

Shekara ashirin ina zaton Inna tatsuniya take mana, ashe ta'aziyyar 'yarta take karɓa a bakin murhu, mu kuma muna hamma. Yanzu ina da gwangwama a gidana ta fi gonar rake yawa, wannan kam a rage. Amma ramin bakin rariyar na hana a rufe shi. Duk ranar kasuwa in na biya ta tsohon gidan, a nan nake alwala.