Allurar da Ba Ta Motsa Ba

Lokacin da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, ina zaune a Badariya kusa da gidan yayata. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka ko da na zama malama, in ta ce zauna sai in zauna.

Wata rana tana tankaɗe ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu. Na ji ƙullutu mai tauri kamar goriba. Da ƙyar na ja ta asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne, amma bai yi nisa ba, a hanzarta zuwa Sakkwato a yanke. Yaya ta dawo ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ba wuƙar ce ta dame ta ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne namiji, sa'an ɗanta, ya sa ta kwance zane ya dudduba ta, kuma an ce a can maza uku za su tsaya a kanta.

Ana haka sai wata mai kawo mana busasshen kifi daga Argungu ta zo da labarin wani tsohon mai gyaran rediyo. Wai ya haɗa akwati da batirin mota da wani zoben waya, in aka ɗora zoben a kan ciwo sai wuta ta ratsa ta kashe dajin. Ba a cire ko mayafi. Matarsa ke ɗorawa a cikin gida, shi yana zaure, ba ya ko ganin fuskar mace.

Yaya ta dube ni ta ce, "Ke da kinka yi boko, wuta na kashe daji?"

Ni kuma uwar iyawa, maimakon in ce a'a in yi shiru, sai na shiga baje ilimi. Na ce na karanta cewa a ƙasashen waje ana gwada wuta marar ƙarfi da maganaɗisu a kan ƙwayoyin daji a cikin kwalabe, amma har yanzu ba wanda ya tabbatar yana warkar da mutum. Rabin farko kawai ta ji.

Wata bakwai tana shiga motar Argungu duk mako. Na yi faɗa, na yi kuka, ta ce ai da bakina na faɗa. Ranar da ciwon ya fashe muka kai ta Sakkwato, likita ya duba ya girgiza kai. Ta rasu ana yankan shinkafa.

Mai akwatin nan har ta'aziyya ya zo, da babbar riga. Ina jin sa daga bayan ƙofa yana gaya wa mijinta wai da ba mu katse mata zuwa ba, da ta tashi. A wurin na ƙudurta sai na tozarta shi, kuma ban ji kunyar wannan niyya ba.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki kamfas, wato 'yar allurar nan mai nuna arewa, da sukurdireba, na rufa da mayafi na tafi Argungu a matsayin marar lafiya. Mata sun kai goma a kan tabarmi. Da layi ya zo kaina matarsa ta ɗora mini zoben a ƙirji, ta murɗa makunni, akwati ya kama ƙugi. Na fito da kamfas na kara a jikin zoben. Ko 'yan aji ɗaya na sun san in wuta na bin waya, allurar sai ta karkace. Wannan ko gezau ba ta yi ba.

Na ture matar na janyo akwatin. Ta yi ihu, shi kuma yana zaure yana ta sallama, ya kasa shigowa cikin matan mutane. Abin da yake taƙama da shi, shi ya ɗaure masa ƙafa, na kwance ƙusoshina a tsanake. Wayar zoben a jikin ƙusa aka ɗaure ta, a katako, ba ta haɗu da komai ba. Batirin kuwa, wata 'yar ƙararrawa mai ƙugi kawai yake kaɗawa. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu, sannan na fita da akwatin na kife shi a ƙofar gida, gaban masu dawowa daga masallaci. Wasu matan sun zage ni, sun ce na rufe musu inda ake rufa musu asiri. Biyu sun biyo ni, na raka su asibiti. Kafin damina ya tattara ya bar garin.

Dab da a ba mu jiharmu sai ga shi a zauren gidana, ya tsufa, ya rame. Zai tafi Makka, yana zagayen neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Maigidana ya roƙe ni in fito, ya ce baƙon Allah ne. Na fito na tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Malama, ki yahe mini don Allah."

Na ce, "Ba ni yahewa. Wadda kac cuta tana maƙabarta, tahi can ka roƙe ta."

Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, don na riga shi zuwa can neman gafarar rabin maganar nan tawa, kuma ni ma ba a amsa mini ba.