Ranar da aka naɗa ni sarkin korar awaki

Wauta dai na tafka ta, gara in faɗa da bakina kafin jikokina su ƙara mata gishiri.

Jikata ta fari ta yi jinya a asibitin yara na Tanout, ta warke sarai. Sai ga masu ɗaukar hoto daga Damagaram, wai za su yi ɗan bidiyo a tura cikin wayoyi, don matan ƙauye su riƙa kawo yara da wuri. Suka zaɓi surukata, uwar yarinyar, ta yi bayani. Kwana uku tana maimaita maganarta a bakin turmi, tana so ƴan'uwanta na Tarka su ji ta.

Ni ba wanda ya gayyace ni. Na zura rigar Salla, na zuba turare kamar na'urar tana da hanci, na hau amalanke. Ina isa asibitin na zauna dab da ita a kan tabarma, ina washe haƙoran da suka rage mini.

Mai kyamara ya ce, "Madam, yaya sunan yarinyar?"

Ƴar fari ce fa, ga kuma uban miji a gefe! Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Na ga shirun ya yi yawa, na amsa mata. Ya sake tambaya, na sake amsawa. Har amai da zawon ni na ba da labarinsu, da kwaikwayo. Sau huɗu ana sakewa, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta gano inda matsalar take. Ta ce, "Baba, kukan awakin bayan katangar nan yana shiga na'ura. Aikin manya ne, ba kowa za mu ba ba."

Na miƙe da sandata ina taƙama. Na kore su har kusa da kasuwa, rigar Salla duk ƙarangiya. Ina dawowa na tarar mata suna tafi, surukata tana dariya da ƴarta a cinya. Ta yi maganarta tas, an gama.

Da bidiyon ya iso wayar maƙwabci, na kalle shi sau uku, ko hulata ban gani ba. Uwargidata ta kasa kunne, ta ce, "Ai ka fito, malam. Ba kai ne can nesa kake zagin uwar akuyar mutane ba?"