Bashin da Na Ɗauka a Gaban Makara

Takardar ta same ni a wurin buga bulona da ke bayan Ƙofar 'Yandaka, ina tsaka da faɗa da mai tifa kan yashin da ya kawo mini rabinsa laka. Hukumar haraji ce ta aiko. Wai ta sake duba ayyukan kamfanina tun shekara bakwai baya, ta ga abin da aka cire a lokacin bai kai ba, don haka in cika, ga kuma tara a kai. In na ƙi, ba ni ba takardar shaidar biyan haraji, wadda in babu ita ko gyaran tagar aji ɗaya ba mai ba ka. Na karanta sau biyu, na zauna a kan bulo, na bar mai tifa ya juye lakarsa ya tafi.

Ba ni kaɗai ba ne, kusan duk mu ƙananan 'yan kwangila kowa ya samu tasa. Muka yi ta taro, muka yi karo-karo muka ɗauki lauya. Ni da ba a raba ni da baki, kullum sai na miƙe na ce ai tun kafin kuɗinmu ya iso hannunmu ake yanke harajin, ragowar kawai muke gani. Wanda ya yanka ɗin, sai yanzu ya koyi lissafi? A yi ta tafa mini, a watse. Wata huɗu muna zarya a ofishin nan, yau oga yana taro, gobe fayil ya koma wani teburi. Na gaji, wallahi na gaji, har na haddace matakalar benen da ta fashe.

Da lauya ya tsefe takardun, sai ga nawa ya fi na kowa nauyi, saboda wasu kwalbatoci biyar a hanyar Batagarawa. Ni kuwa ko tsakuwa ɗaya ban aza a wurin ba. Aminina ne ya yi su. Haka muke yi a sana'ar nan: wanda ya samu aiki ba shi da kamfani mai rajista, sai ya ari takardun wani, kuɗi ya faɗa asusunka, ka ciro ka miƙa masa, ya ba ka na goro. Ni ko na goron ban karɓa ba, don lungu ɗaya muka tashi. Da ribar aikin ya yi wa gidansa na Kambarawa rufi. Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinsa, ya bar mata da 'ya'ya biyar a gidan.

Jami'in da ke riƙe da fayil ɗina sa'an ɗana ne, ga ladabi, kuma ladabin nan shi ya fi ƙona mini rai. Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Alhaji, in ba kai ka yi aikin ba, ka rubuta mana wanda ya yi, ka yi rantsuwa a kotu, mu bi shi." Na ce ya rasu. Ya ce to ai ya bar gado. Lauya ma ya ce in yi hakan, za a ɗan ja mini kunne kan aron takardu, amma nauyin zai sauka daga kaina. Gadon da suke magana ban san wani ba sai gidan nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je Kambarawa, ina ce wa kaina tsofaffin rasit kawai zan nema. Matar ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta jawo mini jakar takardunsa. Rasit ɗin siminti, na rodi, katin asibiti, ba ko ɗaya na haraji. Mu duka haka muke, da an ce an cire shi ke nan, wa ke bin takarda? Tana daga bakin ƙofa tana kallon yadda nake juya su, sai ta ce, "Alhaji, ko dai akwai wani nauyi a kansa? Ka faɗa mini gaskiya. In gidan nan ne ma a sayar, kada a bar shi da bashi a kabari."

Nan take ranar jana'izarsa ta dawo mini. An ajiye makara, an daidaita sahu, liman ya tambaya kamar yadda aka saba, ko ana binsa bashi, kuma wa zai ɗauka. 'Yan'uwansa suka sunkuyar da kai, ba su da shi. Ni na ɗaga murya na ce duk mai binsa ya zo wurina, yana wuyana. A raina mai siminti nake tunani da mai rodi, kuma cikin mako na sallame su. Amma da na ce duk mai binsa, ban ware kowa ba, kuma a kan maganata liman ya tada kabbara.

Na ce mata babu komai, binciken ofis ne kawai. Na ɗaure jakar na mayar mata.

Injin kwaɓa kankarena na fara sayarwa, bai isa ba, na haɗa da filin da na ajiye wa yarana. Abokan sana'a suka yi fushi, shugabanmu ya ce na karya musu ƙara, wanda ya fi kowa ihu shi ya fara kai kuɗi. Ban musa ba, yana da gaskiyarsa. Har yau suna zarya, wasunsu ba sa amsa gaisuwata sosai.

Ranar da na je karɓar takardar shaidar, na hau benen nan da ƙyar. Yaron nan mai fayil ɗina ya duba rasit ɗin banki, ya dube ni, ya tambaya a hankali ina sunan da ya ce in kawo.

Na ce, "Buga hatiminka, ɗana. Kwalbatocin nawa ne."