Haƙoran Munachi

Ogbonna ya zo Maiduguri yana saurayi, yaron shagon kawunsa, a bakin masu ciniki ya tsinci Hausa. Yanzu shagon nasa ne, yana sayar da kayan gyaran keke napep kusa da Kasuwar Litinin. Mutum ne mai garaje: yana waya, yana neman kusa a kwali, yana leƙen titi, duk lokaci guda. Amininsa Ba'ana tela ne, ɗan Yerwa, wato haifaffen Maiduguri, bango ɗaya ya raba shagunansu. Shekarun da gari ya rikice, 'yan garin su Ogbonna da yawa suka tattara suka koma gida. Shi ya zauna, kuma Ba'ana na cikin dalilan zamansa.

Da matarsa Augustina ta samu aikin koyarwa, 'yarsu Munachi ta koma wuni a shago. Ba'ana ma yakan zo da ɗansa Tahir, sa'anta, a shimfiɗa musu tabarma.

Wata rana Tahir ya ƙwalla ƙara. Shatin haƙoran Munachi raɗau a damtsensa.

"Yara ne, Oga, rabu da su," in ji Ba'ana.

Munachi ta sake cizonsa, wannan karon a kumatu. Washegari Ba'ana ya zo shi kaɗai.

"Ina Tahir?"

"Yana wajen uwarsa." Bai ko ɗago daga keken ɗinki ba.

Ogbonna ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga shago, ya fito, ya ba mai saye abin da bai tambaya ba. Masu shawara suka yi masa ca: wannan ya ce a rama mata cizon, wancan ya ce a goga mata barkono. Ya ɗan make ta a hannu, ta tsala ihu, ta kafa masa haƙora a babban yatsa.

Augustina ta ce, "Ka taɓa tsayawa ka ga abin da ke faruwa kafin ta yi cizon?"

Bai taɓa ba.

Ran Lahadi bayan coci ya saɓa Munachi a kafaɗa sai gidan Ba'ana. Kaltum, uwar Tahir, ta amsa gaisuwarsa ba yabo ba fallasa. Ya roƙi a bar yaran su yi wasa a gabansu, ya tsuguna dab da su, waya na ta ruri a aljihunsa. Munachi ta ɗauki wani murfin kwano. Tahir ya zo ya hankaɗe ta ya ƙwace. Ta tashi ta wage baki, Ogbonna ya cafe ta. Kunya ta hana shi duban amininsa.

Ba'ana ya tuntsire da dariya. "Ashe nawa ma ba waliyyi ba ne!"

Kaltum ta ce, "Turi ba ya barin shati, shi ya sa ba mu gani ba. Amma cizo dai cizo ne, Oga."

"Gaskiyarki, Hajiya."

Ba a ranar aka gama ba. Tahir ya dawo shago, iyayen maza suka riƙa gadin tabarma bi da bi, ciniki ya sha wuce su. Munachi ta ƙara cizo, Tahir ya ƙara turi. Duk sanda ta wage baki, sai Ogbonna ya tare ta ya ce, "Faɗa masa da baki. Ce, bari!"

A hankali kalmar ta zauna mata. Yanzu kowa take gaya wa: Tahir, akuyar maƙwabta, har mai allurar rigakafi, wanda ya ajiye allurar sai da ya gama dariya.