Tatsuniyar da Ƙanwata Ta Ƙi Rufewa

Jiya da hantsi 'yata ta zauna kusa da ni tana karanta min labarai a waya, wai yaran Indonesiya ne suka rubuta da kansu. Kowanne da darasinsa a ƙarshe: bi iyaye, bar ƙarya. Ina tsintar shinkafa, sai na ji hannuna ya yi sama yana laluben jinka, alhali rufin kwano ne a kaina.

Ka san a ƙauyenmu, can bayan Tsiga, ba a tatsuniya da rana. In ta kama dole, sai a zari ciyawa daga jinkar ɗaki a ƙulla, in ba haka ba wani zai ɓata. Kakarmu ba ta wasa da wannan. Tatsuniyoyinta kuwa hanyarsu ɗaya: yaro ya ƙi ji, dodo ya haɗiye shi.

Ƙanwata, 'yar firit da ita ga bakin tsiya, nata take ƙirƙira. Wata shekara da kaka, dawa ta fi mutum tsayi, ta tara mu a tsakar gida rana tsaka, ba ƙulli ba komai. Wai wata yarinya ce ta ga ƙasa ta buɗe baki a gonar babanta, ta faɗa wa manya, suka ce ta cika surutu. Daga nan ƙanwata ta tsayar da tatsuniyar.

Muka ce, "To sai me?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna."

Kaka ta leƙo daga madafi. "Ke! Tatsuniya da rana? Maza ce ƙurunƙus ki rufe ta!" Ƙanwata ta sha ranƙwashi har biyu, ta ƙi.

Washegari autanmu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya ɓata. Aka duba rumbu, aka duba bayan gida. Inna tana ƙwala kira har muryarta ta dushe, ba mai amsawa sai iska a ganyen dawa, shuu, kamar ana raɗa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Kaka ta durƙusa gaban ƙanwata. "'Yar nan, ƙarasa mana tatsuniyar."

Ta ce, "Ai na faɗa wa Baba tun shekaranjiya. Gindin tsamiya."

Ashe tsohuwar rijiya ce da kakanni suka rufe, damina ta ci bakinta. Can Baba ya same shi zaune, ƙafafunsa na lilo a ciki, yana kiran "Inna", rijiyar na maimaitawa. Har Baba ya rasu yana rantsuwa cewa bayan ya sungumi yaron ya toshe masa baki, sai da ya ƙara jin kiran sau ɗaya daga ƙasa.

An cike ramin, amma ƙanwata ba ta taɓa rufe tatsuniyar ba. Kaka ma ba ta sake tilasta mata ba.

Yanzu jinka ta ƙare, ba inda za ka zari ciyawa. 'Yata ta kife wayar ta ce, "Mama, me ya sa kullum yaro ne mai laifi?" Na ce wataƙila abin da manya ke son ji suka rubuta. Ta ce ita ma tana da nata, amma bai da ƙarshe tukuna.

Na ajiye faifan shinkafar, na ce, "Ta zo mu ji ta."