Allurar da ta hana Bawa magaji

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Bawa, ɗan kokawar da ya gagari samarin Matankari, kuma har yau ban huce ba. Na yi masa addu'a da safen nan, amma fushina yana nan.

Bawa bai yi girman nan da fura da tuwon gero ba. Wani mai tebur a kasuwar Dogon Dutsi ne yake tsira masa allurar ƙara tsoka, irin wadda ake sayarwa a ɓoye. Ƙirji ya buɗe, makaɗa suka haukace a kansa. A gida kuwa shekara shida matarsa Hadiza ba ta ko yi ɓatan wata ba. Muka ɗora mata laifi, har da ni, ni ce ma mai babban baki. Aka ce aljana doguwa ce ta riƙe mahaifarta, aka yi ta ɗura mata saiwoyi har ta rame. Likita ya gaya wa Bawa cewa allurar ce ta kashe masa ƙwayoyin haihuwa. Ya ɓoye maganar, ya saki yarinyar mutane. Sai bayan zuciyarsa ta tsaya muka ga takardar likitan cikin akwatinsa.

Mai teburin nan yana nan da ransa, ya yi tumbi. Yanzu allura yake sayarwa haɗe da ƙullin garin zogale, wai masana sun gano ganyen yana kare maza daga ɓarnar allurar. Na tambayi wata ma'aikaciyar asibiti. Ta ce an yi irin wannan gwaji, amma a jikin ɓeraye, kuma ko a nan rage ɓarna aka gani, ba a tabbatar da komai a kan mutum ba. Da Bawa yana raye, na san shi, ƙulli biyu zai saya ya ce a ƙara allura.

Watan jiya na ɗaga katifar ɗana Sani, mai shekara ashirin, wanda ya gaji ɗamarar kawunsa don babu ɗan da zai gaje ta. Kwalaben allura huɗu na gani, da ƙullin garin.

"Inna, ai da maganin kariya nike haɗawa," in ji shi.

"Kai ɓera ne?" na ce.

Ban tsaya gardama ba. Na sa shi ya ɗauke ni a babur har Tibiri, gidan da Hadiza ta sake aure. Yaranta biyar suka fito gaishe mu. Na durƙusa gabanta na roƙi gafara, Sani yana tsaye yana kallo.

Kwalaben sun ɓace daga ƙarƙashin katifa. Ko masai ya jefa su, ko maɓoya ya sake, ban sani ba, kuma wannan rashin sanin yana cina.

Bawa, Allah Ya gafarta maka. Makaɗanka sun daɗe da koma wa wani. Abin da ka bari ɗamara ce, da takardar da ka ɓoye, da tambayar da ɗan autan Hadiza ya yi mini, wai ko wane ne kai.